Ɗigo Uku a Kusurwar Hagu

Litinin, 10 ga wata, 1:15 na rana

Auta ce ta kawo mini littafin nan, wai in riƙa rubuta kalmomin kwamfuta da nake mantawa. Na cika shafi biyu na gaji. Kwamfuta ba ta da wuyar sha'ani, abin da ka danna shi take yi. Bari in rubuta mutane.

Shekarata sittin da ɗaya. A takardar ɗaukar aiki an rubuta "ƙaramin mai zane". Duk sanda na tuna sai in shafa furfurata in ba ta haƙuri. Shekara talatin da takwas na yi a kan tsani ina rubuta sunayen shaguna da buroshi da fenti. Bara na sauko, saboda wasu dalilai. Na shiga ajin kwamfuta da sa'o'in jikokina, na fito, aka ɗauke ni nan gwaji na wata shida. Ƙarshen watan nan gwajin zai cika. Ko a tabbatar da ni, ko a ce in gaida gida.

Ofishin ɗaki ne dogo a saman shagon taya. Tebur shida, mutum biyu. Sauran sun tafi ɗaya bayan ɗaya, ba a cike gurbinsu ba, aikinsu kawai aka sauke mana. Ni ina kusa da firinta, a kujerar da ke nutsewa a hankali har sai haɓata ta kusa taɓa tebur. Malama tana kusa da taga. Ita ce babbar mai zane, sa'ar Auta ce, ita ta koya mini duk abin da ajin bai koya ba, shi ya sa nake ce mata Malama. A ƙarshen ɗakin Manaja yana da akurkinsa na gilashi. Ƙanin matar mai kamfani ne. Baba Juniya yake ce mini.

Ɗazu ya tsaya a bayana.

"Baba Juniya, shuɗin nan bai yi ba."

"Wane iri ake so, Yallaɓai?"

"Shuɗi mai rai. Ka gane ai."

Na ce na gane. Na ƙara masa haske, ya dawo ya ce ya yi yawa. Na mayar da shi daidai yadda yake tun farko. Ya ce, "Yauwa! Ka ga abin da nake faɗa maka?"

Kakata tana da tatsuniyar wani attajiri da ya sa tela ya ɗinka masa riga, kada ta zama fara, kada ta zama baƙa, kada ta yi launi, kuma jiya yake so a kawo. Ban taɓa jin yadda telan ya tsira ba. Kullum barci ke ɗauke ni kafin ƙarshe.

Talata, 11 ga wata, 5:40 na yamma

Kwalayen sabulu sun fito daga maɗaba'a. Dubu talatin.

Mai sabulu da kansa ya hawo bene da guda ɗaya a hannu, yana haki. Ya ajiye a teburin Malama. A bayan kwalin, ƙasan hoton kumfa, inda lambar wayar kamfaninsa ya kamata ta zauna, an buga da jan rubutu, tsaf, gwanin kyau: A SA LAMBAR WAYA A NAN.

Ni na rubuta kalmomin. Haka ake yi idan ana jiran abu daga mai aiki, a riƙe masa wuri kafin ya kawo. Ja na yi su don kada ido ya tsallake.

Manaja ya fito, ya dubi kwalin, ya dube ni. Ban taɓa ganin shari'ar da aka gama da sauri haka ba.

Laraba, 12 ga wata, 1:05 na rana

An yi mitin. Mu uku ne, amma sai da aka turo mana takardar gayyata.

Bari in rubuta abin da na sani tun kai bai ruɗe ba. Lambar wayar ta zo ranar Alhamis da ta wuce, ƙarfe goma na safe. Na cire jan rubutun, na sa lambar, na gama kafin sha biyu, na ajiye fayil ɗin a foldar da muke kira An Gama. Ƙa'idar gidan ita ce: ni in ajiye a An Gama, Manaja ya ɗauka ya tura maɗaba'a, don shi kaɗai ke da kalmar sirrin imel ɗin ofis. Malama ba ta nan Laraba da Alhamis ɗin, tana asibiti da mahaifiyarta.

Manaja ya ce daga An Gama ya ɗauka. Ya ce mu buɗe mu gani. Muka buɗe. Wani ya yi shara a ciki. Wanda na gama babu shi. Tsohon, mai jan rubutu, yana zaune ya miƙe ƙafa, da suna "sabulu na ƙarshe".

A ofishin nan muna da "na ƙarshe", da "na ƙarshe 2", da "na ƙarshe sosai", da "na ƙarshe wanda Manaja ya ce", da "na ƙarshe wanda Manaja ya ce bai ce ba". Wannan na biyar Malama ce ta raɗa masa suna.

Ya ce, "Mu nan iyali ɗaya ne. Ba wanda zai zargi wani. Amma gaskiya sai an faɗe ta." Sannan ya yi minti arba'in yana faɗar ta.

Na ce, "Yallaɓai, na gama shi da lamba."

Ya ce, "Baba Juniya, shekaru ba wasa ba ne. Ni ma babana yana mantawa."

Laraba, 6:30 na yamma

Na taho gida da kwalin a aljihu. Na ciro gilashin ƙara girma na maigidana, Allah ya jiƙansa, na duba kusurwar hagu ta ƙasa.

Babu ɗigo.

Maigidan nan shi ya koya mini rubutun allo tun ina shekara ashirin da biyu. Ba ya barin a sauke tsani sai an karanta allon daga harafin ƙarshe zuwa na farko, da yatsa, sau uku. Ya ce idan ka karanta daga farko, kanka ne ke cika abin da babu. Kowane karatu ɗaya, ɗigo ɗaya a kusurwar hagu, ƙanana yadda mai wucewa ba zai gani ba. Allon da ba shi da ɗigo uku ba a gama shi ba, ko da mai shago ya rantse ya yi masa.

Da na koma kwamfuta ban daina ba. Ina buga aikin a takarda, in bi shi da yatsa daga ƙarshe sau uku, sannan in sa ɗigon a cikin fayil ɗin, ƙanana kamar kan allura, cikin layin gefe. Duk abin da na taɓa ajiyewa a An Gama yana da su. Wata biyar da kwana goma. Ba wanda na faɗa wa.

Kwalin nan ba shi da ko ɗaya. Ban ajiye shi a An Gama ba, kuma yanzu ina da hanyar nunawa.

Sai dai akwai doka. Ranar da na fara aiki aka karanta mini ita: ba a ƙara ko ƙwayar zarra a aikin mai aiki sai da izini. Wanda ke teburin uku a da, sunansa ya sa ƙarami a gefen wata kalanda. Kofinsa yana nan har yau, bai samu komowa ya ɗauka ba.

Alhamis, 13 ga wata, 12:50 na rana

Ba a ba ni aiki ba yau. Kujera ta nutse sau huɗu.

Juma'a, 14 ga wata, 4:10 na yamma

Manaja ya kira ni cikin gilashi. Ya ba ni wurin zama, har da ruwan gora. Tun nan na san ba alheri.

Takarda ce, layi shida. Ta ce ni, ƙaramin mai zane, na miƙa aikin da ban gama ba bisa sakaci, na yarda laifina ne, ina neman afuwa. A ƙasa an ja layi.

"Baba, wannan don mai sabulu ne kawai." Yau ba Juniya. "Yana so ya ga an ɗauki mataki. Ka sa hannu, in nuna masa, in jefa a durowa. Ƙarshen wata in tabbatar da kai. Ni da kai ne."

Na ce, "Idan ban sa ba fa?"

Ya yi dariya. "Haba Baba. Wa zai ɗauki ɗan shekara sittin in ba mu ba? Mu nan iyali ɗaya ne."

Na karanta takardar. Sannan na karanta ta daga ƙarshe, don sabo. Ba kuskuren harafi ko ɗaya. Gaba ɗayanta ce kuskuren.

Na ce a ba ni lokaci. Ya ce zuwa Laraba 26, ranar da mai kamfani zai dawo daga tafiya. Ya miƙo mini biro in riƙe. Na ce ina da nawa. Hannuna na dama yana aljihu, can na bar shi.

Asabar, 15 ga wata, 11:30 na safe

Na je wajen mai maɗaba'a. Mun san juna tun yana da inji ɗaya, ni na rubuta masa allonsa na farko. Ya tarbe ni da "Malam! Ashe kana duniya," ya share mini kujera da hannun rigarsa. Warin tawada ya cika wurin. Na daɗe ban ji warin da ya kwantar mini da hankali haka ba.

Na ce, "Fayil ɗin sabulun nan, wace rana ya zo maka?"

Ya ce, "Ka sha shayi?"

Na ce na sha. Na sake tambaya.

Ya dubi injinansa. "Malam, mutum tara ke ci a ƙarƙashin rufin nan. Rabin aikinmu daga benenku yake saukowa."

Na ce na gane, kuma na gane ɗin. Muka yi hirar gwiwa da ciwon baya. Da na tashi ya rako ni bakin ƙofa, ya ɗaga kai ya dubi rufi.

"Yoyon nan ya dame ni. Ranar da aka yi ruwan nan mai ƙarfi, ina tsaka da karɓar wani aiki, sai da muka janye kwamfuta. Har na ce in turo samfur a duba kafin in buga, aka ce ba lokaci, an yi wa mai kaya alkawari." Ya kama hannuna. "Ban faɗa maka rana ba, Malam."

"Ba ka faɗa ba."

Laraba aka yi ruwan. Na tuna don takalmina bai bushe ba sai Juma'a. Larabar kuwa lambar waya ba ta zo ba tukun.

Litinin, 17 ga wata, 1:00 na rana

An mayar da ni teburin da ke kallon bango. Wai firinta na buƙatar iska.

Sabon aikina: in tattara tsofaffin fayiloli na shekara huɗu in ba su sunaye masu ma'ana. Na samu "na ƙarshe" ɗari biyu da sha ɗaya.

Talata, 18 ga wata, 1:20 na rana

Manaja ya fita. Malama ta jawo kujera ta zauna kusa da ni da ledar abincinta.

"Baba, za ka sa hannu?"

"Ina tunani."

"Ka nuna musu ɗigon mana."

Sai da na ajiye cokali. Ta yi dariya, dariyarta ta farko da na ji tun fitowar kwalayen.

"Haba Baba. Ni nake duba aikinka. Tun watan farko na gan su. Na zaci datti ne a fuskar kwamfuta, na goge na goge. Da na ƙara girma sai ga su a jere kamar yara a layin makaranta."

"Ba ki ce komai ba."

"Kai ma ba ka ce ba."

Na ba ta labarin maigidana da tsani. Ta saurara har abincinta ya huce. Ta ce ita a makaranta an koya musu launi da tsari da komai, ba wanda ya taɓa ce musu su karanta daga ƙarshe.

Na ce, "Idan na nuna, na wanke kaina daga sabulu na faɗa cikin doka. Idan na sa hannu, aikina ya zauna."

Ta ce, "Ya zauna har zuwa sabulu na gaba. Takardar nan ba durowa za ta shiga ba, Baba. Na ga inda ya ajiye ta mai teburin biyu."

Na roƙe ta abu ɗaya: idan maganar ta tashi, ta ce ba ta taɓa gani ba. Tana da mahaifiya a kwance. Ta tattara ledarta ta ce, "Shayinka ya zube a kan takarda." Ya zube ɗin. Yanzu rabin kofi nake cikawa, amma duk da haka.

Laraba, 19 ga wata, 5:15 na yamma

Na gaji. Ba irin gajiyar tsani ba. Waccan idan ka kwanta takan tafi.

Alhamis, 20 ga wata, 6:45 na yamma

Na faɗa wa tsohuwata, uwar Auta, komai. Tana tsintar shinkafa a tire, ba ta ɗago ba har na gama.

"Kai ka yi?"

"Ba ni ba ne."

"To me za ka sa wa hannu?"

Na ce ba haka abin yake da sauƙi ba. Na yi mata bayanin gwaji da tabbatarwa da doka. Ta ce ita ba ta yi ajin kwamfuta ba, amma shekara talatin da biyar tana wanke fenti daga rigunana, kuma ba ta taɓa ganin an dawo mini da allo ba. Ta ce, "Akwai wanda ka hau tsani sau biyu a kansa don mai shago ya canza sunan 'yarsa. Ban da shi?"

Ban da shi babu.

Auta ta shigo ana cikin maganar, ta ji ƙarshenta, ta ɗauki zafi. "Baba, ka bar musu kayansu! Ka koma fentinka, mutane sun fara son rubutun hannu yanzu, a waya nake gani."

Tsohuwa ta ce ta je ta duba tukunya. Da ta fita sai ta ajiye tiren, ta zo ta ɓalla mini maɓallin wuyan riga da tun safe yake a buɗe.

Juma'a, 21 ga wata, 12:40 na rana

Manaja ya leƙo ya ce, "Baba na kaina, ya takardarmu?" Takardarmu.

Da yamma ya aiko in gyara masa katin gayyatar wani abokinsa, jiya yake so. Na gyara. Na karanta sau uku. Na daɗe ina kallon kusurwar hagu. Na sa su.

Asabar, 22 ga wata, 4:00 na yamma

Mun shiga kasuwa ni da tsohuwa, da gilashin maigida a aljihu. Na ce mata ba wai na yanke shawara ba ne, ina so in gani ne kawai. Ta ce to.

Ban taɓa fita neman aikina ba. Na tsani yana sama, kowa na gani. Na yanzu yana kan kanta, a tsakanin na mutane. Mun samu ledar burodi, da kwalbar man shafawa, da kwalin ganyen shayi, da takardar lemon kwalba, da littafin rubutu na 'yan makaranta. A kowanne na sa gilashi. Suna nan. Uku, uku, uku.

Mai burodi ya ga ina bin ledarsa da gilashi, ya ce, "Baba, wallahi na yau ne, ko ƙura ba ta hau ba." Tsohuwa ta ce masa, "Ƙyale shi, 'ya'yansa yake nema."

Guda sha ɗaya muka tara. Ita ta riƙe ledar.

Litinin, 24 ga wata, 1:10 na rana

Na rubuta abin da zan samu idan na sa hannu: kujerar da ke nutsewa, teburin da ke kallon bango, wurin zuwa da safe. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Wanda bai taɓa zama a gida wata uku yana kallon gwangwanayen fenti suna bushewa ba, ba zai gane ba.

Na rubuta abin da zan rasa. Layi ɗaya ne. Na rufe littafin.

Talata, 25 ga wata, 7:10 na safe

Na gwada sa hannuna a bayan littafin nan, don in ga yadda zai fito. Sau biyar. Ba biyu da suka yi kama.

Laraba, 26 ga wata, 5:50 na yamma

Mai kamfani ya zo. Mutum ne mai sanyin murya, waya biyu a hannu, kullum kamar yana jiran mota. Sau uku na taɓa ganinsa. Muka shiga gilashi mu huɗu. Takardar tana kan tebur, biro a kanta.

Manaja ya fara. Iyali ɗaya, shekaru, tausayi, yadda ya yi ta rufa mini asiri. Ya ƙare da cewa Baba ya riga ya amince, saura sa hannu.

Mai kamfani ya ce, "Baba, haka ne?"

Na ce, "Yallaɓai, ina da 'yar magana, amma sai an ba ni tebur."

Na zazzage ledar. Burodi ya mirgina ya tsaya a jikin wayarsa. Manaja ya ce, "Wannan kuma mene ne, kasuwa?" Na miƙa wa mai kamfani gilashin, na ce ya duba kusurwar hagu ta ƙasa, cikin layi. Ya duba burodi. Ya duba man shafawa. Daga na huɗu ya daina jiran in nuna masa, da kansa yake juya kayan. Ya gama sha ɗaya. Na ɗora masa katin abokin Manaja a kai, na ranar Juma'a. Sannan na miƙa kwalin sabulu.

Ya daɗe a kansa. Ya juya shi, ya sake juyawa.

"Babu."

"Babu, Yallaɓai. Ba na ajiye abu a An Gama sai na karanta sau uku. Wannan ko sau ɗaya ban karanta ba, don ban gama shi ba lokacin da ya bar gidan nan."

Ya ce, "To idan ba daga An Gama ya fita ba, daga ina? Kuma yaushe?"

Ban ce ruwa ba, ban ce Laraba ba. Mutum tara ke ci a ƙarƙashin wancan rufin.

Manaja ya gyara zama. "Yaya, abin da ya kamata mu duba shi ne, wa ya ba shi izinin sa alama a kayan mutane? Wata biyar! Idan masu kayan nan suka ji fa?"

Mai kamfani ya dubi ƙanin matarsa. Ya daɗe yana dubansa, har Manaja ya fara gyara agogo. Sannan ya juyo gare ni.

"Baba, ka san dokar?"

"An karanta mini."

"Malama, ke kike duba aikinsa. Kin san da wannan?"

Na kalle ta. Ta ƙi kallona.

"Tun watan farko, Yallaɓai."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ban taɓa samun kuskure a aikin da ke da ɗigon ba. Har na koma su nake fara nema."

Ya ɗauki takardar mai layi shida, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihun gaba. Ya ce, "Maganar sabulu ta mutu a ɗakin nan. Ni zan ga mai kayan." Wayarsa ta yi ƙara. Ya tashi. A bakin ƙofa ya ce, "Ɗaya maganar kuma, doka doka ce," bai kalli kowa ba. Ya tafi da gilashin maigidana a hannu, sai da Malama ta bi shi bene ta karɓo.

Burodin mun raba ni da ita.

Alhamis, 27 ga wata, 1:00 na rana

Ba wanda ya yi wa wani magana. Na kai "na ƙarshe" na ɗari da tamanin.

Juma'a, 28 ga wata, 5:30 na yamma

Takarda ta fito. Gwaji ya cika, kamfani ba zai ci gaba da ni ba, saboda sa alama a aikin masu aiki ba da izini ba. Ana gode mini. Sakin layi biyu.

Malama aka sa ta buga. Ta raɗa mini a bakin firinta: "Sakin layi uku Manaja ya faɗa mini, Baba. Na ukun na sabulu ne. Na buga biyu na kai wa mai kamfani, ya sa hannu bai tambayi saura ba." Ita an ba ta takardar gargaɗi. Ta ce za ta haɗa ta da guda biyun da take da su, sun zama 'yan uku.

Sai da na sa hannu cewa na karɓa. A gaban Manaja, a teburinsa, ba aljihun da zan ɓoye. Biro ya yi ta ƙwanƙwasa takarda kafin ya zauna. Ya dubi hannun, ya dube ni. Wata shida, yau ya fara gani.

"Baba, hannunka…"

"Na'urar sanyin nan ce, Yallaɓai."

Na ɗauki kofina. Na ɗauki na mai teburin uku ma na ba Malama, ko za ta gan shi a gari.

A bene na tuna telan kakata. Yau na fara zargin bai tsira ba ne, shi ya sa take jira sai na yi barci.

Asabar, 29 ga wata, 8:20 na safe

Na farka da wuri, na sa riga, sannan na tuna.

Tsohuwa ta kawo shayi, ta ce in karanta mata takardar ta ji da kunnenta. Na karanta. Ta ce, "Ba sabulu?" Na ce ba sabulu. Ta ce in sake. Na sake.

Da ta shiga ciki na bi ta da yatsa daga ƙarshe, don sabo. Yatsan ya isa kusurwar hagu, ya ga kamar datti a cikin layin gefe. Na hura. Bai tafi ba. Na ciro gilashin, na riƙe shi da hannu biyu.

Uku ne, a jere. Na tsakiya ya ɗan fi girma, hannun sabon shiga.

Tsohuwa ta leƙo ta ce, "Malam, lafiya? Ko sun yi kuskure ne?"

Na ce, "A'a. An gama ta."